Kafin TikTok: Dorugu, yaron Kance da ya je Landan a 1855 ya kuma ba da labari da Hausa

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ina zaune da ɗan yayata a bakin gadar Wudil muna jiran mai kifi ya tsame mana daga mai. Wanda ya san Wudil ranar Juma'a ya san yadda take: tireloli sun yi layi ana loda shanu zuwa Kudu, 'yan kamasho suna kiran Gaya, Dutse, Azare, masu yashi suna ta fama a bakin kogi, ƙura ta ko'ina. Amma shi yaron nan ba ya Wudil. Gangar jikinsa ce kawai a kan benci, hankalinsa yana Dubai.

"Kawu, don Allah dubi nan," ya miƙo min waya. Wani matashi ne Bahaushe a saman Burj Khalifa, baƙin gilashi a fuska, kiɗa yana tashi. Ya goga yatsa, sai ga wani a Istanbul yana watsa wa tsuntsaye abinci a bakin ruwa. Ya sake gogawa, ga wata a gaban dalar Masar ta ɗaga hannu kamar ita ce ta riƙe ƙolin.

Na ce, "To madalla. Yanzu faɗa min abu ɗaya da ka sani game da Dubai wanda jiya ba ka sani ba. Nawa ake sayar da biredi? Su waye suke share titin nan da yake ƙyalli, kuma a ina suke kwana?"

Ya tuntsire da dariya. "Kai Kawu! Wa zai tsaya kallon wannan? Mutane fa wanka suke son gani."

Ban ga laifinsa ba, don ni ma datata a irin waɗannan bidiyoyin take ƙarewa. Sai dai na tambaye shi ko ya san Bahaushen da ya je Landan tun kafin Turawa su ci Kano, ya kuma ba da labarin abin da ya gani, labarin yana nan a rubuce har yau. Ya ce Sardauna. Na ce a'a, ka koma baya sosai. Ya ce Abubakar Imam, tun da an taɓa ambatarsa a aji. Na ce ka ƙara komawa baya da kusan shekara casa'in. Sai ya ajiye wayar.

Sunansa Dorugu. An haife shi wajen 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Daura ya tsallaka iyaka ya bi ta Matamaye zai tafi Damagaram, to ya ratsa ƙasarsu. Bai fita yawon buɗe ido ba, kuma ba wanda ya tambaye shi ko yana son tafiya. Yana yaro ƙarami aka kama shi a hari, aka sayar da shi, ya bi hannu-hannu har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Borno a lokacin. A can ne wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Overweg ya rasu a 1852 a gaɓar tafkin Chadi, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda a ƙasashen nan aka fi sani da Abdulkarim.

Shi Barth an san shi. Ya shigo Kano a farkon 1851, ya rubuta labarin kasuwa da karofi da masaƙa, ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000, daga baya ya fitar da littafin tafiyarsa a juzu'i biyar. Har yau a Agadas da Timbuktu ana nuna wa baƙi gidajen da ya sauka. Dalibin tarihi a jami'a ba ya gamawa bai ji sunansa ba. Baturen da ya zo ya kalle mu ke nan. Yaron da yake kula masa da raƙuma, wanda shi ma ya je ya kalle su, shi ne ba mu cika ji ba.

Ku duba tafiyar da yaron nan ya yi kafin ya cika shekara goma sha bakwai. A ƙarshen 1852 suka tashi daga Kukawa suka yi yamma: Damagaram, Katsina, Wurno, Sakkwato, Gwandu, suka ƙetare Kwara a Sayi, suka isa Timbuktu a watan Satumba na 1853. Suka shafe watanni a can cikin zaman ɗar-ɗar, suka juyo ta Kano suka koma Kukawa. A watan Mayu na 1855 suka fuskanci arewa, suka shiga Sahara ta Bilma da Murzuk, ba su ga teku ba sai ƙarshen Agusta a Tarabulus. Wata uku da 'yan kai a kan raƙumi da ƙafa. Daga nan kuma sai duniya ta canja gudu: jirgin ruwa zuwa Malta, zuwa Marsel a Faransa, su ratsa Faris, farkon Satumba suna Landan. Abin da bai fi kwana goma ba. Daga baya Barth ya tafi da su Jamus, suka ga Hamburg da Berlin.

A nan akwai wani lissafi da nake so. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911. Wato Dorugu ya hau jirgin ƙasa shekara 56 kafin Kanawa su ji kukansa. Kuma a lokacin da ya iso ɗin, tsohon yana raye, yana zaune a Nasarawa.

Yadda aka yi labarinsa ya shiga takarda shi ma labari ne. Barth ya shirya mayar da yaran gida, sai wani ɗan mishan Bajamushe mazaunin Ingila, James Frederick Schön, ya shiga tsakani ya riƙe su a gidansa a Chatham. Barth bai ji daɗin haka ba ko kaɗan. Schön ya daɗe yana neman Hausa; tun 1841 ya zo Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, ya tattara kalmomi. Ga shi Allah ya kawo masa mai harshen har gida. Dorugu yana magana, Schön yana rubutawa: tatsuniyoyi, labarai, da tarihin rayuwarsa tun daga ƙauyensu har Turai. Da wannan ne Schön ya gina littafin nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, sannan a 1885 ya buga Magana Hausa, inda labarin Dorugu yake.

Kada mu yi wa abin kwalliyar da ba ta da shi. Schön ɗan mishan ne, yana da manufarsa, har baftisma aka yi wa yaran. Sunansa ne a bangon littafi, ba na Dorugu ba. Rubutun Hausar ma in ka gan shi yau sai ka yi ta sauƙe numfashi, don tun kafin a daidaita boko ne, kunnen Bajamushe ne kuma ya ji ya rubuta. Duk da haka, muryar da ke ciki ta yaro ce Bahaushe, kuma tana cikin mafi tsufan labaran tafiya Turai da muke da su da harshenmu.

To me ya gani? Abin da ya kawo ni rubutun nan ke nan.

Ɓangaren da masu nazari suka fi ambata daga labarinsa ba na wata fada ba ne ko wata doguwar hasumiya. Cin abinci ne. Ya tsaya ya bayyana yadda Ingilishi masu hali suke liyafar dare: yadda ake shirya tebur, yadda ake zama, yadda abinci ke zuwa kashi-kashi wani bayan wani, da ƙa'idojin da kowa yake bi ba tare da an faɗa masa ba. Ya bi abin daki-daki, da natsuwar mutumin da yake kallon al'adar wasu mutane masu ban mamaki. Ka tuna fa, a daidai wannan zamanin Turawa ne suke zuwa su rubuta yadda muke cin tuwo da hannu da yadda muke gaisuwa a tsugune, su kai gida a karanta a yi mamaki. Sai ga yaro daga Dambanas ya juya madubin. A bakinsa, Baturen ne baƙon halitta da ake buƙatar a yi wa bayani.

Kuma dalilin da ya sa ya iya, a ganina, shi ne yana da abin aunawa. Yaron da ya ga kasuwar Kano, ya ga fadar Shehun Borno, ya ga Sakkwato da Timbuktu, ya sha ruwan rijiyoyin Sahara, idan ya shiga Landan ba zai tsaya baki buɗe kawai ba. Birni ne a cikin birane. Ya fi su wani abu, sun fi shi wani. Bai je yana ganin kansa ba kowa ba, bai kuma ɓoye wahalar da ta kai shi ba: kamu, ciniki, rabuwa da iyaye, duk da su ya fara labarin.

Abbega ya riga shi dawowa, a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu sai 1864 ya dawo. Ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909. A Kano ya rasu a 1912. Gidan Ɗan Hausa yana nan, daga Wudil bai kai tafiyar awa ɗaya ba idan hanya ta yi kyau, amma ina shakkar ko cikin matasa goma da suka shiga ɗaukar hoto a harabar akwai ɗaya da ya san wani tsoho da ya ga Berlin a 1855 ya taɓa koyarwa a unguwar. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarin nasa da Turanci, shi ya sa masu bincike a waje suka fi mu saninsa.

Bayan Dorugu layin bai yanke ba. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, har da Nnamdi Azikiwe a ciki. Da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944. Imam bai tsaya a kallon gine-gine ba. Ya gana da Lugga, tsohon gwamnan da ya kafa mulkin Turawa a Arewa, ya faɗa masa damuwar matasan Arewa masu ilmin boko game da yadda ake tafiyar da mulkin En'e, daga baya ma suka ci gaba da musayar wasiƙu. Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a Landan a tsakiyar shekarun 1940, shi ma ya bar mana nasa littafin tafiya, Motsi Ya Fi Zama. Mutanen nan sun je, sun duba, sun dawo da tambaya: me ya sa nasu yake haka, namu yake haka?

Yanzu mu dawo kan wayar ɗan yayata. Ba a taɓa samun zamanin da Hausawa suka yi yawo a duniya kamar yanzu ba. 'Yan kasuwarmu suna Guwanzu da Dubai, ɗalibanmu suna Masar da Indiya da Malesiya da Turkiyya, masu Umara kuwa ba a magana. Kowa yana riƙe da kyamarar da Barth da duk kuɗin gwamnatin Ingila bai samu ba. Amma ka zauna ka kalli bidiyo hamsin na waɗanda suka fita, ka ƙirga nawa ne suka nuna maka garin, nawa ne suka nuna maka kansu a gaban garin. Istanbul ta zama labulen ɗaukar hoto irin na situdiyon Sallah. Ka san kalar takalminsa, ba ka san yadda ake hawa motar haya a garin ba. Ka ga faranti, ba ka ji kuɗinsa ba. Ba ka ga ɗakin da su shida suke kwana ba, ba ka ji yadda jami'in filin jirgi ya juya koren fasfo yana kallonsa sama da ƙasa ba.

Akwai masu ƙoƙari, ban ce babu ba. Na ga wata ɗaliba a Alƙahira da ta ɗauki mako guda tana bayanin yadda ake cefane da yadda ake neman ɗakin haya, da irin wulaƙancin da baƙar fata kan gamu da shi a titi, ba ta rage ba ba ta ƙara ba. Na ga wani da ya bi masu aikin gini a Dubai har masaukinsu. Sai dai irin waɗannan ba su cika samun masu kallo ba, kuma manhajar ba ta tura su gaba. Wannan laifin namu ne masu goga yatsa, ba na masu ɗauka kaɗai ba.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai nishaɗi ne. Da ma a nan ya tsaya. Hanyar da Dorugu ya bi ta Bilma zuwa Murzuk zuwa Tarabulus ba ta mutu ba. Yau daga Agadas ake tashi a bayan Hilux, a bi ta Dirku, wadda take nan kusa da Bilma, a shiga kudancin Libiya. A watan Nuwamba na 2017 tashar CNN ta nuna bidiyon da ake gwanjon 'yan ci-rani baƙaƙen fata a Libiya, a ƙasar da ayarin bayi suke sauka a zamanin Dorugu. Nijar ta kafa dokar hana safarar 'yan ci-rani a 2015, gwamnatin soja ta soke ta a ƙarshen 2023. Kusan kowace unguwa a ƙasar Kano tana da labarin wani ko wata da suka bi hanyar nan, ko aka kai su aikatau wata ƙasar Larabawa aka karɓe fasfo. Ban ce bidiyon wanka ne ya kai su ba. Talauci da rashin aiki sun fi ƙarfin wannan. Amma wanda zai yanke shawarar sayar da gonar gado ya tafi, da hoton da ke kansa yake yanke ta. Idan duk abin da waɗanda suka riga shi suka aiko gida rabin labari ne, to da rabin labari zai hau mota.

Akwai kuma asarar da ba a jin zafinta sai daga baya. Wannan titin da muke zaune a gefensa, wanda ya haye gada ya nufi Maiduguri, gabas ya yi, kuma gabas kakanninmu suka riƙa bi a ƙafa da jakuna zuwa Makka: Borno, Chadi, Darfur, har Bahar Maliya. Wasu shekara biyar, wasu goma, suna noma a hanya suna tara guzuri. Wasu ba su dawo ba, jikokinsu ne Hausawan Sudan na yau, har da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda ya samo suna daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da ya yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Mutum nawa ne cikin dubban da suka yi wannan tafiya aka rubuta labarinsu? A unguwarmu akwai wani tsoho da aka tafi da shi yana goye, ya dawo da gemu. Larabcin Sudan yake yi idan ransa ya ɓaci. Tun muna yara muke jin guntayen labarinsa, yadda suka yi aikin auduga, yadda suka ƙetare teku a jirgin katako, amma ba wanda ya taɓa zama ya ɗauka daga farko har ƙarshe. Ni ma da nake wannan surutun ban yi ba.

Dorugu ya ci sa'a ɗaya a cikin rashin sa'arsa: ya samu wanda ya zauna ya saurare shi da alƙalami a hannu, ko da kuwa don biyan tasa buƙatar ne. Direban tirelar da yake kai shanu Legas duk mako daga karar Wudil, wanda ya san kowane shinge da kowane mai shayi daga nan har Ogbomosho, shi bai samu ba. Haka ɗalibar da yaƙin Sudan ya koro daga Khartum a 2023, ta kwana a iyakar Masar tana jiran a buɗe musu.

Kifi ya iso, mun fara ci, sai na ga ɗan yayata ya koma kan waya. Na ɗauka Dubai ya koma. Ashe sunan yake nema.

"Kawu, ba ya fitowa sosai fa."

Na ce ya gwada rubuta shi yadda Barth ya rubuta, Dyrregu, ya haɗa da Abbega. Sai ga zanen da ke cikin littafin Barth ya fito, samari biyu. Ya buɗa shi da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai bai kai ni shekaru ba."

"Bai kai ba."

Ya yi shiru, ya cire ƙaya daga bakinsa. Wata tirela ta wuce, gada ta girgiza.

"Baba Alhaji na bayan masallaci, wanda kake cewa an tafi da shi Makka a goye, har yanzu yana gane mutane?"

Na ce ranar Talata ma na gaishe shi, ya tambaye ni mahaifiyarka.

"To gobe da safe zan je. Amma Kawu, wayata ta cika, sai na goge wasu abubuwa. Kuma ka sa min data."